Prius ɗin Kawu ta ci kilomita 270,000: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum, Malam. Kawuna zai sayar da motarsa, Toyota Prius samfurin 2012, irin mai aiki da fetur da lantarki ɗin nan da ake kira haibirid, kuma ya ce ni ya fara yi wa tayi kafin kowa. Ta ci kilomita 270,000. Shi ma a hannu ya saye ta, ya hau ta shekara biyar, sai dai wata bakwai ke nan tana ajiye tun da ya sami wata. Ni kuwa kullum ina yin kusan kilomita 60 zuwa aiki da dawowa, yawanci cikin cunkoso, kuma tsohuwar motata tana shan lita 9 a kilomita 100. In na sayar da ita na haɗa da ɗan abin da na tara, kuɗin zai isa cif, ba ragowa. Maiɗakina ta ce mu saya, kuɗin mai ya ishe mu. Yayana ya ce in na kuskura, ranar da batirin ya mutu a kilo zan sayar da motar. Ga kuma nauyin Kawu da nake ji, ban san ta yadda zan ce masa ina so a gwada ta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Lambar nan ta 270,000 da ta firgita Yayanka, ni ba ta ɗaga mini hankali sosai ba. Wurare biyu ne suka tsaya mini a rai: inda ka ce motar ta yi wata bakwai a ajiye, da inda ka ce kuɗinka zai isa cif ba ragowa. Za mu zo kansu. Bari mu fara ba Maiɗakinka gaskiyarta, don tana da ita.

Tun watan Disamba na 1997 aka fara sayar da Prius a Japan, wadda Kawu ya yi maka tayi kuwa zubi na uku ce, wanda aka yi daga 2009 zuwa 2015. A tsawon shekarun nan an ga iyakar juriyarta a hannun masu tasi, mutanen da ba sa raga wa mota. Birnin New York ya fara sa haibirid a aikin tasi tun 2005, kuma yau a manyan biranen duniya da dama za ka tarar tasi masu yawa haibirid ne. Mai tasi da alƙalami yake zaɓen mota, in da tana cinye masa riba da tuni ya yar da ita. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta samo wata Prius samfurin 2002 da ta ci mil sama da 200,000, wato fiye da kilomita 320,000, ta yi mata irin gwajin da ta yi wa sabuwa shekara goma kafin nan, aka tarar shan manta kusan bai canza ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗaga bonet ka nemi kik, ba za ka gan shi ba. Altaneta ma babu. Zubi na uku ko fambel ba shi da shi, domin famfon ruwa da kwamfiresar esi duk da lantarki suke juyawa. Giyar kuwa ba kuloci a cikinta, ba kuma irin bel ɗin da ke tsinkewa a giyar wasu motocin. 'Yan haƙoran ƙarfe ne masu zagaya juna, da moto biyu na lantarki, ɗaya yana tayar da injin yana kuma cajin batir, ɗaya yana tura tayoyi. In dai ana canza mata mai lokaci-lokaci, da wuya ka ji an ce giyar Prius ta mutu. Birki ma haka. Duk sanda ka taka shi a hankali, moton ne ke riƙe motar yana mayar da ƙarfin cikin batir, shi ya sa takalman birki kan haura kilomita 100,000 ba a taɓa su ba. Abubuwan da suka saba kai tsohuwar motarka gareji, rabinsu babu su a wannan.

To, ina gaskiyar Yayanka? Tana wajen yadda haibirid ke karɓar kuɗinta. Mota ta fetur zalla in ta tsufa, tsakurar ka take yi: yau kik, jibi fambel, wata mai zuwa kuloci. Kana ƙorafi amma kana biya daga albashi. Haibirid kan yi shiru shekara biyu, uku, har ka manta hanyar gareji, rana ɗaya ta miƙo hannu ta nemi abin da ya fi albashin wata. In ka tattara lissafin shekara biyar, sau da yawa ita ce mai sauƙi. Amma wanda ba shi da ajiya ba ya jin daɗin lissafin shekara biyar ranar da fitilar gargaɗi mai siffar alwatika ta haska masa a kan hanyar aiki.

Batirin da ake ta tsoro yana bayan kujerar baya, ƙarƙashin daɓen but. In aka buɗe murfinsa za ka ga yanka 28 a jere kamar littattafai a kanta, kanikawa suna ce wa kowanne modul. Kowane modul yana ba da volt 7.2, an ɗaure su a jere sun tashi 201.6. Na nikel ne, ba irin na wayarka ba, kuma kwamfutar motar ba ta barin sa ya cika fal ko ya ƙare ƙarƙaf. Tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari take riƙe shi, ko da allon ya nuna maka ya cika. Wannan rowar da ake masa ita ce sirrin daɗewarsa.

Yawan tafiya ba shi ne babban makashinsa ba. Shekaru ne, da zafi, da zama. Kamfanin da kansa a Amurka garantin shekara 8 ko mil 100,000 ya daɗe yana bayarwa a yawancin jihohi, daga samfurin 2020 ya ɗaga zuwa shekara 10 ko mil 150,000, kimanin kilomita 240,000 ke nan. Ta kowane ma'auni motar Kawu ta wuce nan. Saboda haka tambayar farko da za ka yi masa ita ce ko an taɓa canza batirin, da wane iri, kuma yaushe. In har na asali ne yake ciki tun 2012, ka ɗauka duk shekarar da ya ƙara maka kyauta ce. Yana iya ba ka uku, yana iya ba ka wata uku.

Zaman wata bakwai ɗin nan shi ya fi ba ni tsoro. Batirin nikel in an ajiye shi yana zubar da cajinsa a hankali, kuma modul 28 ɗin ba sa zubarwa daidai da juna. Waɗanda suka fi gajiya su suka fi sauka. Tafiyarsu kuwa ta ayari ce, mai rauni shi ke yanka wa kowa sauri. Kwamfutar tana auna su bibbiyu, rukuni 14, da zarar ta ga wani rukuni ya yi wa sauran nisa sai ta kunna fitila ta adana lambar matsala P0A80, ma'ana a canza batir. Abin haushin shi ne ba lallai ya nuna ranar da aka tayar da motar ba. Za ta tashi lafiya, ka zagaya da ita ka ji ta kamar sabuwa, sai bayan mako biyu ko uku a wani hawa, esi na kunne, ta fito da halinta. Tasi da ke yawo kullum ta fi motar da ake lulluɓe da tamfol lafiyar batir, ko da ta ninka ta tafiya. Gwajin minti ashirin ba zai gaya maka komai ba a nan. Ka roƙi Kawu ya ba ka ita mako biyu ka je aiki da ita, a irin cunkoson da ka saba shiga.

Zafi kuma ta wata 'yar kafa yake shigowa, wadda yawancin masu motar ba su ma san da ita ba. A gefen kujerar baya akwai wata 'yar taga mai raga, ta nan wata fanka ke zuƙo iskar cikin mota tana hura wa batirin. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana kwance fankar wata haibirid da na yi shekaru ina hawa. Da ya zaro ta, fukafukan ba a ganin su. Ƙura da gashi da zaren tufafi sun dunƙule sun zama kamar tsohon tsumma. Ya sa tsinke yana sakato su, ya tara a tafin hannunsa, ya miƙo mini har gaban fuska bai ce uffan ba. Ni kuwa na yi watanni ina jin fankar tana ihu a bayana ina ƙara muryar rediyo. Aikin sa'a guda ne, kuma da na yi shi shekara biyu kafin nan, ina kyautata zaton da batirin bai tafi da wuri haka ba. In ka sayi motar, ka sa a wanke fankar nan a makon farko, ka kuma hana yara jingina jaka ko matashi a kan tagar. Kunna esi a ranar zafi ma gata ne ga batirin, tunda iskar da kake shaƙa ita yake sha.

A ce ya mutu. Ba a kilo za ka sayar da motar ba, Yaya ya yi zafi a nan. Hanyoyi ne a gabanka, kuma araharsu daidai take da gajartar kwanansu. Sabo dal daga kamfanin shi ne mafi tsada, shi ne kuma wanda za ka sa ka manta da shi shekaru. Akwai sababbin da wasu kamfanoni ke ƙerawa, ingancinsu ya danganta da mai ƙirar, sai ka nemi rubutaccen garanti. Akwai wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, wanda in ka san shekararsa kuma aka auna shi a gabanka yana iya zama sa'a, in ba haka ba kuwa sayen kifi a ruwa ne. Sai na ƙarshe, wanda za a fi kwaɗaita maka: a gano modul ɗin da ya mutu a cire shi a sa wani na hannu. Na bi wannan hanyar, don haka ba labari nake ba ka ba. Aka canza mini ɗaya, fitila ta mutu, na yi ta godiya. Wata huɗu sai wani ya faɗi. Aka canza. Kafin shekara ta zagayo na koma karo na uku, kowane zuwa da kuɗin aiki da yinin da na rasa, ban da ranar da aka jawo ni daga bakin hanya. Sa'o'in juna ne su 28 ɗin nan, rana ɗaya aka haife su, zafi ɗaya suka sha. In ɗaya ya kwanta, sauran ma suna kan layi. Faci yana da amfani ga mai neman wata shida ya tara kuɗin sabo. Wanda ya ɗauke shi gyara, zai biya kuɗin sabon a guntu-guntu kuma bai samu sabon ba.

Kowa idonsa na kan batir, alhali zubi na uku yana da wani ciwon a injin da ya isa ya yi wa aljihu irin wannan ɓarna. Injin mai lita 1.8 ne, kuma yana da wata hanya da ake kira EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin injin don rage zafin ƙuna. Da tafiya ta yi nisa, baƙin toka yakan toshe hanyar nan da 'yan ƙananan kafofin da ke raba hayaƙin ga silinda huɗu. Kanikawan da suka daɗe a kan motar da yawansu suna danganta wannan toshewa da ƙonewar tof gasket, abin da aka sha gani a waɗannan motoci idan sun kai irin tafiyar ta Kawu. Alamarsa tana fitowa da sassafe. Motar ta kwana, ka danna maɓalli, injin ya tashi da wata irin girgiza da ƙarar ƙarafa na 'yan daƙiƙu kamar zai tsinke daga mazauninsa, sannan ya daidaita. Ruwan lagireto kuma yana raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. Wannan ya sa ranar gwaji za ka je da wuri, ka ce kada kowa ya tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi, ka tsaya a gaba bonet a buɗe, wani ya kunna. Girgiza sau ɗaya bayan doguwar ajiya ba hukunci ba ce, domin raɓar da ta taru ma takan jawo haka. In ta maimaita safiya biyu, uku cikin makonnin da take hannunka, a kai ta a yi gwajin da ke gano hayaƙi a cikin ruwan lagireto. Ka kuma tambayi Kawu ko an taɓa wanke EGR ɗin. In ya ce mene ne haka, ka samu amsarka.

Ka riƙa zaro sandar awon baƙin mai ma. Injinan shekarun farko na wannan zubi an san su da shan baƙin mai in sun tsufa, saboda ringin fistin, har kamfanin ya sake fasalinsu daga baya. Ka ɗauki hoton sandar ranar da ka karɓi motar, ka sake ɗauka bayan ka yi kilomita 700 ko 800. Ɗan shan mai ba ya kashe mota in mai ita yana ƙarawa. Mantuwa ce ke kashewa, kuma motar da ba ta yawan ƙara tana saurin sa mutum mantuwa.

Sauran manyan biyun ba sai na ja su ba. Akwai famfon birki na lantarki, wanda za ka ji yana ɗan kuka in ka buɗe ƙofar direba. Kukan lokaci-lokaci daidai ne. In yana yi kowane 'yan daƙiƙu ba ka taka komai ba, yana yoyon ƙarfi ne, lambarsa C1391, kayansa kuma ba araha. Sai inbata, akwatin da ke juya wutar batir zuwa wadda moto ke ci. A farkon 2014 Toyota ta yi kiranyen Prius zubi na uku kimanin miliyan 1.9 a duniya don gyara manhajar da ke kula da wannan akwati. Da lambar shasi mai harafi da lamba 17 ana iya bincikawa ko an yi wa ta Kawu aikin. Shokzoba da boris da robobin ƙafa kuwa, waɗannan tsufa ne irin na kowace mota, ba ruwansu da haibirid.

Wani ɗan abu kafin in manta. Ban da babban batir akwai ƙarami mai volt 12 a cikin but, shi ke tayar da kwamfutocin. Bayan wata bakwai a ajiye, da wuya yana da rai. In ya yi sanyi motar takan haukace, fitilu su kunno barkatai, ko ta ƙi nuna READY, alamar ta tashi, sam. An sha gaya wa mutane babban batirinsu ya mutu alhali wannan ɗan ƙaramin ne. Shi za a fara aunawa. Kuma in an cire shi ko ya mutu, wasu daga cikin lambobin matsala da kwamfuta ta adana sukan goge, don haka in na'ura ta nuna an share bayanai kwanan nan kada ka yi wa Kawu mummunan zato. Sai dai ka sani cewa allo mai tsabta a ranar farko ba shaida ba ne.

Ita ma lambar 270,000 ka ɗan riƙe ta da sassauci. Kawu a hannu ya saya, bai ga ranar da aka fara lissafin ba, kuma juya mita ba sabon abu ba ne a cinikin tsofaffin motoci ko'ina a duniya. Ka kuma duba da idonka ko kilomita aka rubuta ko mil, domin mil 270,000 ya haura kilomita 430,000. Dubi yadda sitiyari ya goge, da robar birki, da gefen kujerar direba. Su ba a juya su.

Yanzu ga abin da na fi so ka ba muhimmanci fiye da motar kanta: wa zai gyara maka ita? Ba a fafe gora ranar tafiya. Haibirid a hannun wanda ya san ta mota ce mai sauƙin hali, a hannun mai lalube kuwa rijiya ce. Wayoyin nan masu ruwan lemo da za ka gani a cikinta suna ɗauke da wutar da ke kisa, domin inbata tana ɗaga ƙarfin har volt 650. Wanda ya san aikinsa zai sa safar hannu ta musamman, ya zare filogin tsaro na batirin, ya jira wasu mintuna kafin ya taɓa komai. Ga wata jarrabawa mai sauƙi da za ka yi wa duk wanda ya ce ya iya: tambaye shi wane mai yake zuba wa kwamfiresar esi. Ta haibirid moton lantarki ne a cikinta, mai na musamman take sha wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, ana ce masa ND-11. In aka zuba mata na sauran motoci, wuta na iya fara zurarewa, motar ta kunna fitila ko ta ƙi tashi. In ya ce ai duk mai mai ne, yi masa sallama cikin mutunci. In ka duba inda kake ba ka sami ko mutum ɗaya da ya wuce wannan jarrabawa ba, shawarata ta ƙare a nan: ka bar wa Kawu motarsa.

In ka same shi, ka ce ya sa mata kwamfuta ya nuna maka rukunan nan 14, ba yana tsaye a gareji kawai ba, kuna tafe. Shi ya riƙe na'urar, kai ka tuƙa. Ka taka totur da ƙarfi a hawa, sannan ka sauko kana taka birki a hankali. Lafiyayyen batir lambobinsa tare suke sauka tare suke hawa, kamar sahu. Gajiyayyen rukuni shi ke riga kowa faɗuwa in an taka totur, shi ke kuma riga kowa tashi in ana caji. Ko ba na'ura ma, allon motar yana tsegumi. In ka ga sandunan caji sun cika cikin minti biyu sun kuma zube cikin minti biyu, injin yana ta tashi ko kana tsaye, fankar baya tana ihu, batirin ya ƙanƙance ke nan.

Mu yi lissafi da lita, tunda ita ba ta canzawa kamar farashi. Kilomita 60 a rana, a ce 1,500 a wata. Motarka ta yanzu tana shanye lita 135. Prius zubi na uku da take sabuwa, awon hukumar Amurka ya ba ta kimanin lita 4.7 a kilomita 100. Ta Kawu ta tsufa, ga esi, mu ba ta 5.5, wato lita 83 a wata. Ka tsira da lita 50 da 'yan kai duk wata, sama da 600 a shekara, kuma cunkoson da ke cinye man motarka nan ne haibirid ta fi nuna gwaninta, tunda injinta kashe kansa yake in an tsaya. Yanzu je ka tambayi kuɗin batir mai kyau har da ɗaurawa, ka raba shi da kuɗin lita ɗaya. In ya tashi lita 600, shekara guda za ta biya shi. In 1,200 ne, shekara biyu. Haka za ka yi wa aikin gasket. Da irin tafiyarka lissafin yakan fita, da sharaɗin rarar man nan tana shiga wani asusu na daban duk wata, ba ta narke a cefane ba. Ka damƙa wa Maiɗakinka wannan asusun, tunda ita ta kawo shawarar saye, na tabbata za ta fi ka tsare shi.

Sai dai asusun yana buƙatar lokaci kafin ya yi nauyi, kuma watannin farko su ne mafi haɗari ga motar da ta daɗe a ajiye. Nan ne maganar cif ba ragowa ta zama matsala. Ban yarda ka sayar da motar da ke kai ka aiki, ka juye duk ajiyarka, ka zauna da mota mai shekara fiye da goma ba ka da ko kuɗin jawo ta ba. Ranar da za ka karɓi makulli, ya kasance kana da aƙalla kuɗin batir a gefe. Ko dai Kawu ya rage maka daidai wannan, ko ya yarda ka biya kashi biyu cikin uku yanzu sauran a hankali, ko ku jira wata uku ka ƙara tari, shi kuma a riƙa zagayawa da motar rabin sa'a duk mako kafin nan. In gwaji ya nuna batir kaɗai ne ya gaji, injin lafiya, saye ne mai kyau in an cire kuɗin batirin daga farashi, har ma na fi son haka, don ka san abin da ke cikin motarka. In gasket ne kaɗai, a yi lissafinsa haka nan. In duka biyun suka haɗu, ga famfon birki yana kuka, ka gode wa Kawu ka ce ba ta kai ka ba.

Batun nauyin da kake ji kuwa, na fahimta, amma ka juya shi ta ɗaya gefen. Abin da zai ɓata tsakaninku shi ne ka saya a rufe, bayan wata biyu ta tsaya, ka kasa faɗa masa, ka kuma kasa mantawa, shi ma ya ji a bakin wasu ya rasa inda zai sa kansa. Mai yiwuwa shi kansa bai san halin da batirin yake ciki ba, ai wata bakwai bai hau ta ba. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban Yaya ba, ka ce: "Kawu, na gode da ka fara tunawa da ni. Ina son motar, sai dai ƙarfina kaɗan ne, kuma an ce irinta ba ta son dogon zama. In ka amince in riƙe ta mako biyu, in kai a duba ta da kuɗina, don in san abin da zan tanada." Babu dattijon da zai ji wannan ya ce an raina shi. Duk abin da bakanike ya gano, ka kawo masa a rubuce, ka bar shi ya fara magana a kan farashi. In kuma ciniki ya faɗa, daga ranar motarka ce, kada ka riƙa kai masa rahoton kowace ƙara da ta yi.

In kun yi gwajin, turo mini hoton lambobin nan 14, ɗaya kuna tsaye ɗaya kuna hawa, ka haɗo da hotunan sandar baƙin mai guda biyu, mu duba tare kafin ka sa tsohuwar motarka a kasuwa.